'Yan sa-kai, Kato da Gora da Askarawa: akalar wa ke hannun wa?

Bakatsine:
Salamu alaikum jama'a. Duk sanda aka taɓo zancen 'yan sa-kai, magana biyu ake ji. Wasu su ce ai yaran gwamnati ne, wasu su ce ai gwamnati ta haramta su. Duka ɓangarorin sun ɗauka gwamna na da makunni a aljihu, in ya ga dama ya kunna, in ya ga dama ya kashe. Ni ban ga alamar haka ba. Matawalle ya haramta su a Zamfara a 2019 lokacin da ya shiga sulhu, Tambuwal ya haramta su a Sakkwato a 2021, kuma ba su ɓace ba. Ba a jima ba sai ga gwamnoni da kansu suna ɗinka wa matasa kaki. Dikko Radda ya ƙaddamar da nasa a Katsina a Oktoban 2023, Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara su 2,646 ranar 31 ga Janairun 2024, Sakkwato ma ta bi sahu. To me ke sa ƙungiya irin wannan ta ji maganar hukuma, me kuma ke sa ta ƙwace? Waɗanda suka san abin su yi mana dalla-dalla. Ban da zagi don Allah.

Barista:
Wa alaikumus salam Malam. Bari a fara da doka, don a nan ƙullin yake. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, ba a yarda a kafa wata ba. Sashe na 215 ya bai wa gwamna damar ya umarci kwamishinan 'yan sanda, amma kwamishinan na iya cewa sai an miƙa maganar ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Shi ya sa ba za ka ga jihar da ta kira tata rundunar da sunan 'yan sanda ba. Majalisar jiha ce ke yin doka ta ce masu tsaron al'umma ne, aikinsu taimaka wa jami'an tsaro.

Sai makami. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su uku. Manyan bindigogin yaƙi, irin AK-47, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigogin farauta da makamantansu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar. Bindigar toka da harba-ka-ruga, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, suna ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ko ɗaya babu wadda gwamna ke sa wa hannu shi kaɗai. Da gwamnatin Zamfara ta ce a watan Yunin 2022 mutane su nemi lasisin bindiga su kare kansu, abin da za ta iya yi shi ne raba fom, amma izinin ba nata ba ne.

Kamu kuwa, ɗan sa-kai daidai yake da ni da kai. Doka ta yarda farar hula ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda nan take. Ba shi da ikon tsarewa, balle tuhuma, balle hukunci.

Ɗan Yerwa:
Barista, abin da ka faɗa haka yake a takarda. Amma a duba Maiduguri, don ita ce ta fi nuna cewa waɗannan ƙungiyoyin suna da nasu lissafin. Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013. A lokacin matashin unguwa na tsakanin wuta biyu: 'yan Boko Haram na kashe wanda suke zargi da tsegumi, soja kuma in aka kai masa hari sai ya kwashe samarin layin gaba ɗaya, saboda bai san kowa ba. Cikin watan Yuni samari suka fito da gora da adda suka fara nuna 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, su ne ake kira 'yan kato da gora. Ba gwamnati ce ta kira su ba. Ceton kai ne ya fito da su, kuma rabin ceton daga hannun soja ne.

Abin da suka kawo kasuwa shi ne sanin fuska. Sojan da aka turo daga wata jiha ba ya jin Kanuri, bai san ɗan wane ne ya ɓace wata shida ya dawo da kuɗi ba. Su sun sani. Soja ya ga amfanin abin, ya tsara su a kan shiyyoyi goma na birnin, kowace shiyya da shugabanta da kwamandan sojan da take bi. Gwamnatin Kashim Shettima ta kafa shirin tallafa wa matasan Borno mai suna BOYES, aka horar da mutum kusan 1,850, aka sa musu alawus na naira 15,000 a wata da kaki da motocin sintiri. Su kuwa shugabanninsu suna cewa yawansu ya kai 26,000. Ku auna tazarar. Wanda ke karɓar alawus ana iya yi masa barazanar tsayar da shi, sauran dubban kuwa da me za ka riƙe su?

Bakatsine:
To amma Malam, duk da haka su ne aka fi yaba wa. Me ya bambanta su da namu na nan yamma?

Ɗan Yerwa:
Abu uku nake gani. Na ɗaya, abokin gabansu ƙungiya ce mai aƙida, ba ƙabila ba. Mai kamun Babarbare, wanda ake kamawa Babarbare, wani lokacin ma gida ɗaya. Na biyu, a cikin birni aka fara, inda soja ke kowace mahaɗa, saboda haka akwai wanda za a miƙa wa mutum cikin minti kaɗan. Na uku, sun yi tsari mai kai da ƙafa har ana iya zama da su a ƙulla yarjejeniya. A Satumban 2017 sun sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya kan daina amfani da yara, suka saki 833 a Oktoban 2018, da wasu 894 a Mayun 2019, aka cire sunansu daga jerin masu wannan laifin a 2021. Ba za ka iya yin haka da taron da ba shi da shugaba ba.

Amma kar a wanke su tas. Bayan harin da Boko Haram ta kai barikin Giwa a Maiduguri ranar 14 ga Maris 2014, Amnesty ta ce an kashe fiye da mutum 600, galibinsu tsararrun da suka gudu aka sake kamawa, kuma ta ambaci hannun 'yan kato da gora tare da soja. Ikon nuna mutum a ce ɗan Boko Haram ne iko ne mai hatsari, don an sha zargin wasu da amfani da shi wajen rama tsohuwar gaba.

Hajiya Bazamfara:
Sannunku da ƙoƙari. Ƙanina Bakatsine, kafin a yi nisa a raba 'yan banga da 'yan sa-kai, don a wajenmu ba abu ɗaya ba ne. Ɗan banga yana da rajista, mai unguwa ya san shi, DPO ya san shi, aikinsa gadin gari da dare da kasuwa. Ɗan sa-kai shi ne wanda ke fita daji, kuma sau da yawa ba ya ɗaukar umarnin kowa sai na shugabansa.

In kana son sanin wa ƙungiya ke bi, bi sawun kuɗinta. A ƙauye karo-karo ake yi, gida-gida, wani lokacin hatsi ake bayarwa bayan girbi. Da shi ake sayen albarushi da man babur, a biya maƙeri, a biya mai maganin bindiga. Muddin daga aljihun gari kuɗin ke fitowa, dattawa na iya kiran yaro su tsawatar. Ranar da abin ke lalacewa ita ce ranar da ƙungiya ta fara ci da kanta: shanun da aka ƙwato ba su koma hannun masu su ba, an kafa shinge ana karɓar na goro, ana cin tarar wanda aka kama kafin a sake shi. Daga nan ba ta bukatar gari, ba ta bukatar gwamnati. Zaman lafiya ma ya zama asara a gare ta.

Ɓarna ta biyu ita ce hukunci a kasuwa. Mutum ya zo cin kasuwa, a nuna shi a ce ɓarawo ne, a gama da shi a gaban jama'a. 'Yan'uwansa na daji ba za su je kotu ba, garin za su zo. Ku tuna 'Yar Galadima a ƙaramar hukumar Maru, Afrilun 2014, taron 'yan banga da mafarauta aka far wa, aka kashe mutane da yawan gaske. A Sakkwato kuma, Oktoban 2021, 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande, ba a yi mako biyu ba aka buɗe wa 'yan kasuwar Goronyo wuta. Waɗanda suka mutu a Goronyo ba su ne suka yi aikin Mamande ba.

Ɗan Ruga:
Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika faɗi wannan, don ba kowa ke faɗa ba. Bafulatanin da ba ɓarawo ba yana da zaɓi uku ne kawai: ya bar yankin, ya biya ɓarayi su bar masa garkensa, ko ya shiga cikinsu. Kasuwa ta gagare shi, asibiti ya gagare shi. Duk rundunar da aka ɗiba daga ɓangare ɗaya na rikici, ko an sa mata kaki da tambarin jiha, a idon ɗaya ɓangaren 'yan sa-kai ne da sabuwar riga. A lissafa ardo nawa aka tuntuɓa wajen tantance waɗanda aka ɗauka.

Bakatsine:
Ɗan'uwa, gaskiyarka, amma manomin da aka ƙone wa rumbu aka sace masa mata fa? Shi ma ba wanda ya zo masa. Caji ofis ɗaya a ƙaramar hukumar da ke da ƙauyuka ɗaruruwa. In ka ce ya ajiye bindigar toka, me ka ba shi?

Ɗan Ruga:
Ban ce ya ajiye ba, Malam. Cewa na yi wanda ya kama, kada ya zama shi ne alƙali.

Malama:
Ku ba ni dama in ɗan koma baya. Wannan giɓin da kuke magana a kai yana da asali. A zamanin En'e sarki na da dogarai da 'yan doka da gidan yari da kotu, dagaci kuma ya san duk baƙon da ya kwana a garinsa. An yi amfani da 'yan dokan nan wajen gallaza wa 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU, shi ya sa bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa zare ikon daga hannun sarakuna. An cire wancan, ba a dasa wani mai saiwa a ƙauye ba.

Sannan jiha ta rungumi ƙungiya ba sabon abu ba ne, kuma sakamakonsa kala-kala ne. 'Yan Bakassi 'yan kasuwar takalma ne na Aba suka kafa su a ƙarshen shekarun 1990 don maganin 'yan fashi. Gwamna Mbadinuju ya ɗauke su a Anambra a 2000 da dokar jiha, aka wayi gari ana zarginsu da farautar abokan hamayya, tarayya ta murƙushe su a 2002. Hisbar Kano ta fara ne a matsayin ƙungiyoyin sa-kai bayan shelar shari'a a 2000, aka mai da ita hukuma da doka a 2003, tarayya ta ce ta haramta ta a 2006, ga ta nan har yau. Abin lura ma shi ne ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 2024: Gwamna Abba ya soki yadda ake kame, shugaban Hisbar Sheikh Daurawa ya ajiye muƙami, cikin 'yan kwanaki malamai suka shiga tsakani ya koma. Hukuma ce ta jiha, gwamna ke biyan albashi, amma farin jininta daga masallaci da unguwa yake fitowa, saboda haka gwamna ma sai ya taka a hankali.

Ɗan Maraɗi:
Malama ta yi daidai. Mu leƙa maƙwabta kuma. Burkina Faso ta yi dokar kafa rundunar 'yan sa-kai ta VDP a Janairun 2020, horon kwana 14 kacal sai a miƙa wa mutum bindiga. A 2022 shugaban mulkin soja Ibrahim Traore ya nemi ƙarin 50,000. Abin da ya biyo baya, duk garin da aka san ya ba da 'yan VDP sai masu iƙirarin jihadi su yi masa ƙawanya, ba shiga ba fita. A Mali, mafarautan Dan Na Ambassagou ake zargi da kisan Fulani kusan 160 a Ogossagou ranar 23 ga Maris 2019. Washegari gwamnati ta ce ta rusa ƙungiyar, shugabanta Youssouf Toloba ya ce bai san zancen ba. A nan Nijar, Nuwamban 2021, magajin garin Banibangou ya jagoranci 'yan sintirin garinsa suka shiga daji, aka yi musu kwanton ɓauna, gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 69.

Ƙarshen hanyar kuwa Sudan ce. Mayaƙan sa-kai na Janjawid a Darfur aka mai da su rundunar gwamnati ta RSF a 2013, aka yi musu doka a 2017, aka bar su da zinarensu da kasuwancinsu da hulɗarsu da ƙasashen waje. Ranar 15 ga Afrilun 2023 suka juya wa sojan ƙasar bindiga a cikin Khartoum. Ka ga dai doka da kaki ba su hana komai ba, tunda taskar kuɗin daban take.

Tsohon Insifeto:
Ranku ya daɗe. Ni kan aikin yau da gobe zan tsaya, don a nan ake faɗuwa.

Tantancewa. Kada ɗan siyasa ya kawo jerin suna. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, limami ya shaida, mutum biyu masu gida su tsaya masa, a ɗauki hoto da zanen yatsa da lambar NIN, a gwada shi ko yana shan ƙwaya. Inda akwai ruga, ardo ya zauna a kwamitin.

Makami. Kowace bindiga da lambarta a littafi. A karɓa da sa hannu, a dawo da ita da sa hannu, a ƙirga harsashi fita da dawowa, wanda ya harba ya rubuta dalili. Ranar da aka bar mutum ya kwana da bindigar hukuma a ɗakinsa, ranar ta zama tasa. Kuma galibin asarar makami ba a fagen fama take faruwa ba, sai a watan da alawus ya makara.

Sadarwa. Wannan ita ke kashe su. A Janairun 2025 jirgin yaƙi ya yi luguden wuta a Tungar Kara a Zamfara, rahotanni suka ce fiye da mutum goma daga cikin 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito bin sawun ɓarayi suka mutu. Daga sama, ayarin babura da bindigogi duk iri ɗaya ne. Kafin a fita dole kwamandan soja na yankin ya san adadinsu, hanyar da za su bi, da lokacin, kuma a sami mutum ɗaya mai rediyo da ke magana da shi kai tsaye. Wayar salula ba abin dogaro ba ce a daji. A Satumban 2021 ma da aka katse layukan waya a Zamfara, mutanen gari aka fi toshe wa baki.

Iyaka. Kowa ya tsaya gundumarsa, inda ya san mutane. Amfaninsa ke nan. In ka ɗauke shi ka kai shi wata ƙaramar hukuma, ya zama baƙo mai bindiga da horon 'yan makonni. Rashin sanin mutane ne ya sa 'yan sintiri a Uromi ta jihar Edo suka tare mafarauta 'yan arewa a Maris 2025, aka kashe 16.

Barista:
Yallaɓai, ka bar guda ɗaya, kuma ita ce babba: wa ke hukunta su in sun yi laifi? Kora daga aiki ba hukunci ba ne. Wanda ya kashe mutum ba bisa ƙa'ida ba, kotu zai je kamar kowa. In jama'a ba su taɓa ganin an gurfanar da mai kaki ba, ba za su kawo ƙara ba, ramawa za su yi. Sannan sashe na 227 ya hana kowace ƙungiya horar da mutane don amfani da ƙarfi wajen cimma burin siyasa. A sa ido a shekarar zaɓe, a ga motocin sintirin nan ko suna daji ko suna bayan ayarin kamfen.

Hajiya Bazamfara:
Akwai gefen da ba mu taɓa ba. Su ma na dajin ai suna cinikin nasu da gwamnati. Gwamna Yari na Zamfara ya yi sulhu da ƙasurgumin ɗan bindiga Buharin Daji a 2016, Masari na Katsina ya yi a 2016 da 2019, daga baya ya fito ya ce an ci amanarsa. Dalilin rushewar a fili yake: ba shugaba ɗaya gare su ba, ka sasanta da wannan daba, waccan ba ruwanta, kuma wanda ya miƙa bindiga biyar ya ɓoye hamsin. Har ta kai a Yulin 2022 Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa jagoran 'yan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani, wata shida bayan tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Gwamna ya dakatar da sarkin. Amma ku tambayi kanku abin da ya kai sarki ga haka: talakawansa na son zuwa gona, kuma ya san a hannun wa izinin yake. Inda ake biyan kuɗin noma kafin shuka da kafin girbi, wanda ke karɓa shi ne hukuma a wurin, ko mun so ko mun ƙi.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, Lakurawa ma ai haka ne. A Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato da fari an karɓe su a matsayin masu korar ɓarayin shanu. A 2018 'yan sanda suka ce makiyaya ne kawai. Da suka zauna sai suka fara karɓar zakka da ƙarfi, suna yi wa samari bulala, suna yanke hukunci. Sai a Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta sanar da su, kotu ta ayyana su 'yan ta'adda a farkon 2025. Gudun gara aka faɗa gidan zago.

Bakatsine:
To ku masu lissafi, jiha za ta iya ɗaukar nauyin abin kuwa har ya ɗore?

Tsohon Insifeto:
Mu ƙaddara. In za a biya mutum 2,646 mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wata ɗaya ya kama naira miliyan 185 da ɗoriya, shekara kuma sama da biliyan 2.2. Ba a sa man babur da gyara ba, ba a sa harsashi ba, ba a sa jinyar wanda aka harba da haƙƙin iyalan wanda ya rasu ba. Jiha za ta iya, in an sa shi a kasafin kuɗi a fili, ana biya ta banki da sunan kowa. In daga kuɗin tsaron gwamna yake fitowa, to ranar da gwamna ya sauka, magajinsa zai ce yaran wancan ne.

Ɗan Yerwa:
Kuma ko an biya, a tanadi ƙofar fita tun yanzu. A Borno an ɗauki wasu aikin soja, amma kaɗan ne a cikin dubbai. Yaron da ya ɗauki gora yana ɗan shekara 18 a 2013 yanzu ya ba talatin baya, da mata da 'ya'ya, ba sana'a, kuma yana kallon tubabbun da ya yaƙa ana koya musu aikin hannu ana sallamarsu da jari. Wannan ƙorafin a bakinsu yake kullum.

Ɗan Ruga:
Yallaɓai Insifeto, kwamitin tantancewar da ka ce ardo ya zauna, in ya ce bai yarda da wane ba saboda an san abin da ya yi a kasuwa, maganarsa za ta hana a ɗauke shi, ko zaman shaida kawai zai yi?

Tsohon Insifeto:
Ya danganta da abin da aka rubuta a dokar. In ba a ce sai da sa hannun kowane ɗan kwamiti ba, zaman shaida ne. Barista, duba mana dokar Katsina da ta Zamfara ka ga yadda aka tsara wurin.